Gangar Noman da Na Tsayar a Ƙofar Majami'a

Malikanci, ta hanyar Ikara.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya tsare ki a mota daga nan zuwa Zariya, ya tsare ki a jirgin ƙasa daga can zuwa Kaduna, ya sauke ki a hannun mutanen kirki a makarantar da aka tura ki koyarwa. Innarki tana gaishe ki, ko da yake ga ta nan zaune a ƙofar ɗaki tana ƙulle miki daddawa da kuka, tana tambayata amfanin rubuta wa mutum takarda alhali yana cikin gida. Na ce mata shekara goma sha huɗu na yi ina jera baƙaƙen dalma a maɗaba'a a Zariya, hannuna ya koyi faɗin abin da bakina bai iya ba. Kada ki buɗe ta sai kin sauka kin huta.

Mai bishara ya gaya mini ikilisiyar da za ki shiga a can ba ta da mai kula da samari da 'yan mata, kuma da zarar sun ji ke malamar makaranta ce za su ɗora miki. Ki karɓa. Amma ina so ki fara sanin yadda mahaifinki ya yi da nasa samarin. Kin taso kina ganin bencinan baya na majami'armu babu kowa a kansu, ba wanda ya taɓa gaya miki dalili. Kina da shekara goma sha biyu abin ya faru. Babban kashi na dalilin ni ne.

Lokacin da kakanki ya rasu na bar aikin maɗaba'a na dawo gida, duk ikilisiyar nan babu wanda ya kai ni karatu. Aka ba ni karatun ranar Lahadi, na riƙe. Ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye miki ba. Tsofaffi su ce karatun Malam Ishaya kamar ruwa a kan dutse, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Wata rana mai bishara ya ce mini yara sun fara fitowa daga makarantar Ikara da karatu a bakinsu, ya kamata a riƙa ba su. Na ce to, amma sai na gwada su. Na tara su a gindin tsamiyar bayan majami'a, na zauna da jan fensir ɗina a hannu, wanda nake gyaran takardun gwaji da shi a Zariya. Talatu 'yar gidan Bawa ce ta fara. Muryarta mai kyau ce, tana kai wa nesa. Ta yi layi ɗaya na tsayar da ita. Ta sake, na sake tsayar da ita, na ce ta yi sauri. Ta rage sauri, na ce ta haɗiye ƙarshen kalma. A karo na biyar ta rufe Littafin a hankali, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Baba, kai ka karanta, ka fi iyawa." Na ɗauka ladabi ne, har na yaba wa ubanta tarbiyyarta. Yanzu tana aure a Gazara da 'ya'ya uku, kuma na ji ko a taron mata ba ta yarda ta karanta ko aya ɗaya.

A maɗaba'a, kuskure ɗaya in ya wuce sai ya fito a kowane kwafi, shi ya sa ake tsananta masa. Wanda ya yi tuntuɓe a karatun sujada kuwa, kafin a rufe da addu'a kowa ya manta, sai shi kaɗai, in an kunyata shi. Ban bambanta wuraren nan biyu ba. In yarinya ta tashi karatu a gabanki, ki bar ta ta kai ƙarshe. Abin da za ki gyara, ki gyara ranar Talata, ku biyu, kuma ki zaɓi ɗaya ki bar sauran. Lahadi mai zuwa ki sake ba ta.

Akwai wani abu da nake jin kunyar tunawa. Shekaru muka yi muna gunaguni a kan Baturen mishan da ke zuwa mana a babur. Shi ke riƙe da mabuɗi, shi ke yanke magana, mu namu ɗauko ƙasa da kwaɓa ta. Ni na fi kowa iya tsara ƙorafin, har takarda na rubuta masa, na ce mutum ba ya koyon riƙon gida sai an bar masa gidan. Da ya miƙa mana mabuɗin, shekaru kaɗan kafin mulkin kai, wuyana aka rataya wa. Ban kai shekara ba na zama shi. Samari ne ke yanko ciyawa, su ke hawa jinka su yi baibaya kowace shekara, su ke yaɓe bango bayan damina. Ranar taron dattawa kuwa sai mu rufe ƙofa. Yayanki ya taɓa tsayawa a bakin taga ya ce ruwan gabas ne ke cinye bangon nan, in an sauko da jinkar kamu ɗaya ta wannan gefe za a huta. Na ce masa ba a magana ta taga, kuma ban ce ya shigo ta ƙofa ba. Bangon ya zube a damina ta biyu, su muka kira suka tayar. Wanda ya isa hawa jinka ya isa zama a inda ake maganar jinkar. Ki tuna da wannan in dattawan can suka ce ki aiko musu da yara share fili.

Duk waɗannan da sun wuce, da ba don maganar ganga ba.

Kin san gonar ikilisiya da ke hanyar Paki. A shekarar da nake faɗa miki, samari suka ce a bar musu ita, su za su nome ta da gayya. Yayanki ne shugabansu. Ya je wurin Sale makaɗi na Paki, wanda kika sani, mai zuwa gaishe mu da Kirsimeti mu kai masa gaisuwa da Sallah. Tare suka sassaƙa gangar noma, Sale ya ɗaure mata fata, ya koya masa riƙon gula, sandar kaɗa ta. Ranar gayya sai yayanki ya rataya ta ya bi bayan masu garma. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ayoyin da suka haddace a makarantar Lahadi su suka ɗora a kan kiɗan huɗa, ɗaya ya bayar sauran su amsa. Har 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi sun riƙa zuwa taya su, don gayya gayya ce, kowa ya san daɗinta. Gonar ba ta taɓa yin dawa irin ta waccan shekarar ba.

Ranar godiyar kaka muna zaune a ciki, dattawa a bencin gaba, sai muka ji ganga tana tahowa daga hanyar gona. Na tashi na fita. Ga su nan a jere, maza da dammunan dawa a ka, 'yan mata da ƙoren wake da gyaɗa, yayanki a gaba yana kiɗa. Na tsaya a tsakiyar ƙofa.

Na ce, "Ina za ku da wannan?"

Ya durƙusa da gangar a kafaɗarsa, ya ce, "Baba, dawar muka kawo."

"Dawar ta shiga. Wannan ta tsaya a waje."

Ya ce, "Baba, tare da ita muka nome gonar."

Sai Tanko ɗan Barau, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya ce daga baya, "Malam, a bar ta ta shiga mana. Ai ita ma ta yi baftisma, ruwan damina duk a kanta ya ƙare."

Aka yi dariya, har da wasu mata a ciki. Ina ganin da ba a yi dariyar nan ba da na saurara. Na ji kamar ni ake wa. Na ce iyayenmu sun bar kiɗa da tsafi sun bi Almasihu, ba za a dawo mana da su ta ƙofar gaba ba ina raye. Na miƙa hannu, yayanki ya cire gangar daga kafaɗarsa ya ba ni. Suka sauke dammunan a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, suka koma gindin tsamiya suka tsaya har aka tashi. Mu tsofaffi muka yi waƙar godiya daga littafin waƙoƙi, muryarmu ba ta cika ɗakin ba. Da aka tashi mu muka kwashe dawar zuwa rumbu, ni da Bawa da mai bishara, muna nishi.

Lahadin da ta biyo rabinsu suka zo. Bayan wata biyu sai 'yan mata kaɗai, su ma don iyayensu mata. Babu wanda ya yi faɗa, babu wanda ya ce ya bar bin Ubangiji. Wannan ya tafi cin rani, wancan ya ce ƙafarsa na ciwo. Na rataye gangar a cikin jinkar ɗakina, na gaya wa kaina na tsare ikilisiya.

Shekara biyu bayan haka Baba Nomau ya kwanta ciwo. Ba lallai ki tuna shi sosai ba, shi ne makahon tsohon nan da ke zama a ƙarshen bencin gaba, mutum na farko da ya karɓi bishara a ƙauyen nan. Kafin haka shi ke kaɗa wa masu bori garaya, har daga Kudan ake zuwa ɗaukarsa. Ranar da na tsaya a ƙofa, shi nake tunani. Na ce a raina wannan tsoho ya ƙone kayan kiɗansa da hannunsa, ba zan bari yara su tayar masa da abin da ya binne ba. Na je gaishe shi da hantsi, na same shi a tabarma yana shan rana.

Bayan mun gaisa ya ce, "Ishaya, ina gangar nan da na riƙa ji daga gonar ikilisiya?"

Na ce, "Na hana, Baba. Saboda ku."

"Saboda ni. Ka tambaye ni?"



Ya ce, "Garaya na kaɗa, ɗan nan. Ita ke kiran iskoki, kowanne da taken da yake amsawa, na san su duka. Da garaya yaran suka kawo, da ni zan fara tashi da sandata. Gangar noma kuwa, tun ina yaro ban taɓa jin ta kira kowa ba sai malalaci."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Ran nan na ji ta tana matsowa, har na gyara zama. Na ce yau kafin in mutu zan ji an yabi Allah da abin da kunnena ya sani. Sai na ji shiru."

Na ce, "Baba, me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Kai ne mai Littafi. Na ɗauka a ciki ka gani."

Rifkatu, ban gani a ciki ba. Na san wuraren da Littafin ya yi maganar yabo da kayan kiɗa, ni na karanta su a gaban jama'a da bakina. Abin da na bi shi ne abin da na saba gani a majami'ar birni, inda ake waƙa a tsaye ba a motsa ko kafaɗa. Na karanta littattafai a kan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma ban san bambancin garaya da ganga a ƙauyen ubana ba, kuma mutumin da ya sani yana zaune kamu uku daga inda nake kowace Lahadi.

Ba na cewa duk tsofaffin suna tare da yaran. Iya Tabawa har ta rasu ba ta son jin kiɗa kusa da majami'a, kuma tana da dalilinta, don ta ga abin da aka yi da 'yar'uwarta a gidan bori. Tsoronta na gaskiya ne. Da na zaunar da ita da Baba Nomau da samarin a tabarma ɗaya, da ta faɗi nata sun ji daga bakinta, da shi ya ware musu kiɗan da za a bari da wanda za a ɗauka, da wataƙila an tsaya a kan ganga ranar godiyar kaka kaɗai. Ni na tsaya a tsakaninsu, ina gaya wa yara abin da tsofaffi ba su ce ba, ina tsare tsofaffi daga abin da ba su ji tsoro ba. Wannan shi ne babban abin da nake so ki riƙe. Za ki zama mai ilimi a tsakanin tsofaffin da ba su yi makaranta ba da yaran da suka yi. Kowane ɓangare zai yarda da abin da kika ce ɗayan yana nufi. Kada ki yi musu tafinta. Ki kai yaran gidan tsofaffi su tambaya da bakinsu. Ki nemi tsohuwar da ta san waƙar daka, ki sa ta koya wa 'yan matanki, su kuma su karanta mata. In za a yi musu, a yi shi kina zaune a gefe.

Baba Nomau ya rasu kafin kaka. Bai ji gangar ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi mini wuya. Kin san al'adarmu a kan ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a yabonsa. Na bar abubuwa da yawa na gidan ubana, wannan kuwa na riƙe shi da hannu biyu. Tun da aka haifi yayanki ban taɓa kiran sunansa ba. Ko a littafin baftisma, ni da nake rubuta na kowa, da aka zo kansa mai bishara na miƙa wa alƙalami. Ba na zagin al'adar, kunya abu ne mai kyau, kuma yaro ya san ana sonsa ko ba a faɗa ba. Amma ni na ɓuya a bayanta. Ranar da dawar nan ta cika rumbu, ban ce masa sannu ba. Ranar da na gane na yi kuskure, al'adar ta ba ni wurin fakewa, na ce uba ba ya zuwa wurin ɗan fari da irin wannan magana.

Da safe ya tafi, bayan an gama sussuka a shekarar da na karɓe gangar. Ya durƙusa a ƙofar zaure da ƙunshinsa, ya ce, "Baba, zan tafi Kaduna, an ce ana ɗaukar mutane a masaƙa."

Na ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Ina gyara igiyar akuya, ban ɗago ba. Da ya fita innarki ta ce, "Malam, ko kallonsa ba ka yi ba." Na ce mata na san kamanninsa. Ita ma ɗan farinta ne, ita ma ba ta kiran sunansa, amma ta bi shi har bakin rafi.

Shekara shida ke nan. Yana rubuto wa innarki, ni nake karanta mata, ni nake rubuta amsa da kalmominta. A ƙarshen kowace takarda yakan ce a gaida Baba. Ni kuma in rubuta, Baba yana amsawa. Iyakarmu ke nan. Na ji ya yi aure, an haifa masa ɗa namiji da ban taɓa gani ba. Na kuma ji daga bakin Tanko, da ya dawo daga Kaduna, cewa tun da yayanki ya je bai taka majami'a ba. Ba ya shan giya, ba ya faɗa da kowa, ranar Lahadi sai ya wanke kayansa ya zauna a ƙofar gida. Tanko ya tambaye shi dalili, ya ce ya riga ya kai abin da yake da shi an ce ya tsaya a waje.

Ga abin da na yi, ko da yake na makara. Na ajiye karatun Lahadi, yanzu yaran makaranta ke yi bi da bi, ina zaune ina jin tuntuɓensu, hannuna a aljihu. Jan fensir ɗin na ba ƙaninki yana zane da shi. A taron dattawa na watan jiya na tashi na faɗi abin da Baba Nomau ya gaya mini, wanda na riƙe shekara huɗu ban faɗa wa kowa ba. Bawa ya ce da ma shi bai taɓa ganin laifin gangar ba, ya dai ga na haɗe rai ne. An yarda samari biyu su riƙa zama tare da mu. Da ƙyar muka sami biyun.

A cikin kayanki akwai wani abu a buhu, ɗaure da igiya, wanda innarki ta ce miki tukunya ce. Gangar ce. Na sauko da ita, gara ba ta taɓa icen ba, fatar ce ta tsage. Na kai wa Sale a Paki da kaina. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "Malam Ishaya, kai ka kore ta, kai kuma ka kawo ta asibiti?" Na ce ya yi aikinsa. Ya ɗaure mata sabuwar fata, ya sassaƙa sabuwar gula, ya buga sau uku a ƙofar gidansa, yara suka fito da gudu. Na gaya wa direba kada a ɗora mata kaya a kai.

In kin huta, ki nemi gidan yayanki ki kai masa. Kada ki yi masa wa'azi, ya ji isasshe daga gidanmu. Ki ce masa bana an shuka dawa a gonar hanyar Paki, mu tsofaffi muka shuka, ba ta yi kyau ba amma za a yanka. Ki ce masa ranar godiyar kaka zan tsaya a ƙofar majami'a inda na tsaya a da, in riƙe ta a buɗe. In ya zo, ya zo da yaron. In bai zo ba, gangar tasa ce, da ma ban da ikon riƙe ta, kuma ba zan ga laifinsa ba. Zan tsaya a wurin baɗi ma.

Sauran takardar nan taki ce, amma ki ninke ta ki nuna masa layin da ke ƙasa. Ya san rubutuna. Na jera sunayen sarakuna da na Turawa da na mutanen da ban sani ba da baƙaƙen dalma, wannan ne karo na farko da hannuna ya rubuta nasa sunan.

Iliya, ɗana, gonar ta yi kyau a waccan shekarar. Sannu da aiki. Ni na yi kuskure.

Allah ya kiyaye ki, Rifkatu, a fitarki da shigarki. Ya ba ki haƙuri da yaran mutane, ya ba ki kunnen jin tsofaffi, ya tsare ki daga ciwo da sharrin hanya, ya dawo mana da ke lafiya. Innarki ta ce ki riƙa cin abinci, kuma kukar ta cikin jan ƙyalle ta yayanki ce, kada ki taɓa.

Ni ne mahaifinki,
Ishaya.